Ƙwaron da Ba Ya Kwana: Shekarun da Na Guji Bakin Tafki

An haife ni a 1985 a wani ƙauyen masunta da ke gaɓar Tafkin Kainji, a ƙasar Yauri. Mahaifina Basarke ne, kakanninsa kaf a kan Kogin Kwara suka yi rayuwarsu, kuma yana saurayi aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shanye gonaki da tsibirai da tsohon garin Bussa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. Ni ban ga wannan tashi ba. Abin da na buɗe ido na tarar shi ne itatuwan da ruwan ya ci, waɗanda idan tafki ya ja baya sai kawunansu su bayyana baƙi ƙirin, ba ganye ba ɓawo, suna tsaitsaye a cikin ruwa, masunta suna kewaye su da jirage don kada su yaga musu koma.

Ina da shekara tara wata rana Baba ya jawo jirginsa tudu ya kife shi domin ya toshe inda yake yoyo. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare wani sashe na katakon da ya yi laushi, sai ga ramuka birjik kamar gidan gara, kuma a cikin kusan kowane rami akwai 'yar tsutsa fara-fara, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, da haure biyu a gaba da siraran jela uku a baya. Ya ɗora ɗaya a tafin hannuna ya ce, "Uwata, kin ga wannan? Ita ke cinye mini jirgi, ita ce kuma ke ciyar da ku, domin duk kawara da ƙurungun da kuke ci, idan kika tsaga cikinsu ita za ki tarar." Tsutsar jirgi yake kiranta. Akwai kuma wasu dare da bayan sallar Magariba fararen ƙwari sukan taso daga tafki su yanyame fitilar ƙwai har haskenta ya dushe, kifi yana ta tsalle a saman ruwa yana cafkarsu, gari na wayewa mu share gawarwakinsu da tsintsiya mu watsa wa kaji. A lokacin ban taɓa kawowa a raina cewa tsutsar jirgi da ƙwaron fitila halitta ɗaya ba ce.

A jami'a, a Sakkwato, na gane haka. Ina aji uku a sashen nazarin halittu wani malaminmu ya ɗora mana wata tsutsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina leƙawa na gane ta tun kafin ya faɗi sunanta, har sai da na riƙe gefen tebur saboda faɗuwar gaba. Ya ce dangin waɗannan ƙwari ana kiransu Ephemeroptera, kalmar da aka haɗa daga Girkanci, ma'anarta mai fiffike da ba ya wuce yini ɗaya, Turawan Ingila kuma suna jingina sunansu da watan Mayu domin a lokacin ne wasu daga cikinsu suke fitowa a can. An san nau'i fiye da 3,000 a duniya, kuma suna cikin mafiya daɗewa a ƙwari masu fukafukai, domin an samu sawun kakanninsu a duwatsun da suka haura shekara miliyan 300. Ranar ban iya cin abincin dare ba. Abin da nake share wa kaji a tsakar gidanmu ashe yana da tarihi da suna da malaman da suka ƙarar da rayuwarsu a kansa.

Daga nan na bi shi babu ji babu gani, kuma ina so mai karatu ya yi haƙuri da ni in tsaya a kan yadda rayuwar ƙwaron take, domin in ba a fahimce ta ba, ba za a fahimci abin da ya same ni ba. Macen tana zuba ƙwai a ruwa, ɗaruruwa ko dubbai gwargwadon nau'inta. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe a ruwa take zama, tana numfashi da wasu gaɓoɓi masu kama da ganye ko gashin tsuntsu da ke jere a gefen cikinta, waɗanda kan kai bakwai a kowane ɓangare. Wasu nau'o'in suna manne a ƙarƙashin duwatsu inda ruwa ke gudu, jikinsu a baje don kada igiyar ruwa ta ɗebe su. Wasu suna iyo a cikin ciyayi kamar 'ya'yan kifi. Wasu kuma suna haƙa rami a laka. Abincin yawancinsu gansakuka ne da ruɓaɓɓen ganye. Tana girma tana saɓa kamar maciji, sau da yawa fiye da sau 20, kuma wannan zama na cikin ruwa yakan ɗauki watanni, a ƙasashe masu sanyi ma shekara ɗaya ko biyu ko uku. Idan lokaci ya yi sai ta taso saman ruwa, bayanta ya tsage, wani ƙwaro mai fukafukai masu duhu-duhu ya fito. Abin mamaki, wannan ma bai kammala ba, domin a yawancin nau'o'in sai ya sake saɓa sau ɗaya bayan ya riga ya iya tashi, sannan fukafukansa su yi garau. A duk ƙwarin duniya babu wanda yake saɓa bayan ya yi fiffiken tashi sai shi. Wanda ya kammala ɗin kuwa ba shi da bakin da zai ci ko ya sha, hanjinsa cike yake da iska don ya yi masa sauƙin tashi, aikinsa kawai ya sadu da abokin haihuwa, macen ta mayar da ƙwai ruwa, su mutu. Wasu kwana ɗaya ko biyu suke yi, wasu 'yan awoyi, akwai ma wani nau'i a Amurka da macensa ba ta cika minti 5 ba.

Tamu ta Kainji sunanta Povilla adusta, tana bazu a tafkuna da koguna na Afirka. Da haurenta take fafe rami a itace ko a karan ciyawar ruwa, ta shafe cikin ramin da wani abu mai kama da siliki da take fitarwa daga jikinta, ta zauna ciki tana kaɗa gaɓoɓin numfashinta domin ruwa ya riƙa ratsa ramin, ita kuma tana tace ƙananan tsirrai da gashin da ke ƙafafunta na gaba da bakinta. Da aka datse Kogin Bolta a Ghana aka yi madatsar Akosombo a 1965, dazuzzuka suka nutse, wannan tsutsa ta yi yawan da ba a taɓa gani ba a jikin matattun itatuwan, ta zama babban abincin kifaye da dama, kamar yadda wani masani mai suna Petr ya rubuta. Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne rahoton da wani masanin mai suna Hartland-Rowe ya fitar a 1955 daga Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka, inda ya nuna cewa ƙwaron yana bin wata, fitowarsa ta fi ƙarfi kamar kwana biyu bayan wata ya cika, kuma tsutsar takan yi wata huɗu ko biyar a ruwa kafin ta fito ta yi ɗan tashin da da wuya ya kai tsakar dare. Na tuna Baba ya sha cewa ƙwarin fitila sun fi yawa a kwanakin farin wata. Da na samu gurbin digiri na biyu a 2010, wannan na zaɓa: in kafa fitila a bakin tafkinmu in ƙirga abin da ya zo dare bayan dare, wata bayan wata, in ga ko maganar Baba za ta dace da ta masana.

Na yi aure shekara guda kafin nan, kuma maigidana malamin makaranta ne mai sauƙin kai, bai taɓa hana ni karatu ba. Ina fara aikin na gane ina da ciki. Na yi shawara da shi da malamin da ke duba aikina, dukansu suka ce in ina so in dakata, babu laifi. Ni ce na ƙi. Na ce aikin ba na ɗaukar kaya ba ne, zama ne a bakin ruwa kusa da gidan iyayena, ga ƙanena yana riƙe mini fitila yana tura jirgi idan za mu yanko reshe daga nutsattsun itatuwa, ga Inna tana kula da cina da shana. Haka muka yi, kuma ba zan ɓoye ba, waɗannan watanni su ne mafi daɗi a rayuwata. Mukan shimfiɗa farin ƙyalle mu rataye fitila kafin rana ta faɗi, mu yi Magariba a nan kan yashi, sannan mu jira. Wani daren ba ma ganin komai sai sauro, wani daren kuma ƙyallen yakan rufe ruf cikin ƙanƙanin lokaci, in riƙa kwasa ina zubawa a kwalabe ina rubuta lokaci da kwanan wata na Musulunci. A irin wannan zama ne na fara jin motsin yaron. Na lura yakan yi motsi sosai idan na zauna shiru bayan Isha'i, yakan lafa idan jirgi yana tafiya, kamar jijjigar ruwan tana sa shi barci. Nakan dafa cikina in yi masa magana a hankali yadda ƙanena ba zai ji ba, domin ɗan fari ne, kuma an raine ni a kan cewa mace ba ta nuna ɗokin ɗan fari.

Cikin yana wata bakwai ƙafafuna suka kumbura, daga baya har fuska da yatsun hannu, zoben aurena ya ƙi fita. Kaina yakan yi ciwo, wani lokaci in ga wasu ƙyalƙyali suna gilmawa a idona. Matan gidanmu suka ce ai haka ciki yake idan ya tsufa, ni ma na so in yarda da su. Ranar awona ta faɗo daidai da kwanakin cikar wata, asibitin kuma yana da nisa, in na tafi sai na kwana. Na ce bari in wuce waɗannan darare uku tukuna. Da wata ya zagayo na sake yin haka. Sau biyu ke nan na ajiye awo na zaɓi fitila, ni da na yi karatun halittu, na san mene ne hawan jini.

A daren 16 ga wata, ina durƙushe gaban ƙyalle, duniya ta juya mini. Abin da ya biyo baya a bakin ƙanena na ji shi: na faɗi ina jijjiga ina taune harshe, aka ɗauke ni a jirgi, daga jirgi zuwa mota, ba mu isa asibiti ba sai da dare ya raba. Aka yi mini allurai, washegari da hantsi aka yi tiyata aka ciro namiji. Ya yi kuka, Inna ta ji da kunnenta. Aka sa shi a kwalba saboda bai isa haihuwa ba kuma numfashinsa yana sarƙewa. Da la'asar na farfaɗo sosai, wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata da alheri, ta tura ni a keke har inda yake, ta bar ni na zura yatsa ta ƙofar kwalbar. Ya damƙe yatsan. Kafin kiran Asuba ya koma ga Mahaliccinsa.

Tun da ya yi kuka, malamai suka ce a raɗa masa suna, a yi masa wanka, a yi masa salla, kuma an yi. Ina kwance a gadon asibiti aka kai shi makwancinsa. Da na koma gida mutane suka yi ta zuwa, kowa yana cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina amsawa da amin, kuma har yau ina riƙe da wannan addu'a. Sai dai akwai wata magana da aka yi ta maimaita mini da kyakkyawar niyya, wadda ta fi wuƙar tiyata yi mini ciwo. Cewa ake yi, "Ki gode wa Allah tun ba ku saba ba," ko kuma, "Ai bai ma zauna ba, kwana ɗaya ne." Ba ni da bakin musu, kuma kunyar ɗan fari ta hana ni ko da yin kuka a gaban manya, sai na shiga banɗaki wankan jego nake yi, ƙarar ruwa tana rufe muryata. A bayan idona kuma ana cewa bin ƙwari da dare a bakin ruwa da tsohon ciki ne ya jawo, wasu suna cewa iskokin ruwa ne suka shafe ni. Maigidana bai taɓa furta kalma ɗaya ta zargi ba, amma ban buƙaci kowa ya zarge ni ba, domin ni da kaina na riga na yanke wa kaina hukunci.

Ban koma jami'a ba. Malamina ya aiko sau uku, ya nema mini ƙarin lokaci, ban amsa ba har wa'adin ya ƙare aka cire sunana. Kwalabe fiye da ɗari da na tara suna cikin kwali a ɗakin Inna, ruwan da ke adana ƙwarin ya bushe, suka zama gari. Littafin ƙirgata na sa a ƙasan akwati. Na bi maigidana birni, na samu aikin koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma shekara shida ban kwana a ƙauyenmu ba. In na je gaisuwa, kafin la'asar na kama hanya, don kada Magariba ta same ni kusa da tafki. Ko a birni, idan shinge ya taru a ƙwan lantarki bayan ruwan farko, sai in kashe wutar in shige ɗaki jikina yana rawa kamar mazari. Babin ƙwari a manhaja kuwa wata abokiyar aikina nake roƙo ta koyar mini, ni in karɓi nata na tsirrai.

Da na sake samun ciki a 2013 na faɗa hannun wata likita mai haƙuri, na kwashe labarin duka na gaya mata, har da awo biyu da na tsallake. Ba ta rarrashe ni da ƙarya ba. Ta ce wannan ciwo na hawan jinin masu ciki daga mabiyiya yake samo asali, yana bayyana bayan mako 20, ya fi kama masu cikin fari, kuma zama a bakin ruwa ko aikin dare ba sa kawo shi. Da ina kwance a ɗaki ma zai iya zuwa. Amma ta ce da na je awo, da an ga jinin ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, da an gwada fitsari an ga alama, da an kwantar da ni an shirya haihuwar tun kafin jijjiga. Ko yaron zai rayu ko ba zai rayu ba, wannan na Allah ne. Na ɗauki maganar nan gida biyu kamar yadda ta ba ni, ban jefar da ko ɗaya ba. Don haka duk macen da ke karanta wannan, idan fuskarki da hannuwanki suka kumbura, kanki yana sarawa, idonki yana ganin ƙyalƙyali ko dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar, ko me kike yi, ko wa ya ce miki haka ciki yake. A 2014 na haifi mace lafiya, bayan an yi ta bibiyar jinina mako-mako.

A 2017 Baba ya kwanta ciwo, dole ta sa na je na yi jinyarsa, dole kuma ta sa na kwana. Wata yamma ya ce a fitar da shi ya sha iska, muka zaunar da shi a jikin tsohon jirginsa da aka kife shekaru, katakon duk ya zama rariya. Ya shafa ramukan da yatsa ya ce, "Uwata, duk karatun nan da kika yi a kan abin nan, ba ki taɓa gaya mini me kika gano ba." Na so in kauce, amma ba a ƙin amsa wa mahaifi, balle marar lafiya. Na fara da abin da na ga ya fi sauƙi, na ce masa tsutsar ba cin jirgin take yi ba, gida kawai take haƙawa a ciki, abincinta a ruwa yake. Ya yi murmushi ya ce to ashe 'yar haya ce. Ya ce ya daɗe da sanin ita ce take zama ƙwaron fitila, domin ya sha ganin fatunta suna yawo a saman ruwa da safe, amma kwana nawa take yi a cikin itacen? Na ce watanni. Na shiga ba shi labarin yadda take shafe ɗakinta, yadda take kaɗa ruwa dare da rana, yadda take saɓa tana ƙara girma a cikin duhun da babu mai ganinta, da yadda a ƙarshe take fitowa ba tare da baki ba, domin duk abin da za ta ci a duniya ta riga ta ci shi a can ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe mu ƙarshensa kawai muke gani a fitila, mu ce bai yi kwana ba."

Ban san ko da manufa ya faɗa ba, ban kuma tambaye shi ba. Ni dai kuka ya ƙwace mini a gabansa, irin wanda ban yi ba shekara shida, ya bar ni na yi har na gaji, hannunsa a kaina. Ba ina kwatanta ɗana da ƙwaro ba ne, Allah ya girmama ɗan Adam, kuma na daɗe ina jin haushin duk wanda ya kawo wannan ƙwaro a matsayin misalin gajeriyar rayuwa. Abin da ya faɗo mini a wannan yamma shi ne, ni da na fi kowa a garin sanin cewa lissafin da ake yi wa ƙwaron nan kuskure ne, na yarda an yi wa ɗana irin wannan lissafi ban ce uffan ba. An ƙirga masa kwana ɗaya saboda shi ne abin da mutane suka gani. Ni kuwa na yi wata takwas da shi. Na san lokacin barcinsa da na farkawarsa, na san yana son tafiyar jirgi, na san gefen da yake tokarina idan na daɗe a durƙushe. Mun saba. Da na iya faɗin wannan kalma a fili, a gaban Baba, a ranar ne na fara makokin da ya kamata in yi tun 2011.

Da Magariba ta yi ban gudu ba. Ƙanena ya kawo fitila, ba tare da na ce masa ba, ya rataye a jikin jirgin. Ƙwarin ba su zo da yawa ba a daren, amma na kama mace ɗaya na nuna wa Baba ƙafafunta da suka shanye, waɗanda ba za su iya ɗaukarta ta tsaya a kan komai ba, da dunƙulen ƙwai biyu da take ɗauke da su. Baba ya rasu bayan wata biyu.

Digirin nan ban ƙarasa shi ba, kuma shekaruna da hidimar gida ba su bar mini hanyar komawa ba. Wannan asara ce da nake ji har yanzu, musamman idan na tuna ƙirgar wata bakwai da ta tsaya a tsakiya. Amma na karɓi babin ƙwari daga hannun abokiyar aikina. Kowace shekara bayan damina nakan fita da ɗalibaina zuwa wani rafi da ke bayan gari, da rariyar tatar koko da farin faranti, mu ɗaga duwatsu mu wanke abin da ke manne a ƙarƙashinsu. Nakan koya musu su ƙirga jela: uku ko biyu sirara tare da gaɓoɓin numfashi a gefen ciki, to ɗan gidan su tsutsar jirgi ne. Nakan gaya musu cewa yawancin waɗannan tsutsotsi ba sa jure ruwan da oksijin ya yi ƙaranci a cikinsa ko wanda guba ta shiga, shi ya sa masana a duniya suke duba su kafin su ce kogi yana da lafiya. A yammacin Tafkin Erie, tsakanin Amurka da Kanada, ƙazantar birane da gonaki ta kusan shafe su a shekarun 1950, ba su dawo da ƙarfi ba sai a shekarun 1990 bayan an rage abin da ake zubawa, yanzu kuma tarinsu yakan yi yawan da na'urar hasashen yanayi take hango shi kamar hadari. A rafinmu 'yan matan da kansu suka lura cewa a sama da mawanka muna samun tsutsotsin da yawa, a ƙasa da inda ake wanke buhunan taki da tankunan feshi kuwa sai jajayen tsutsotsin laka kawai. Ɗaya daga cikinsu, 'yar masunta ce ita ma, ta koma gida ta yi wa yayyenta magana a kan zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, ta dawo ta ce mini sun yi mata dariya, amma mahaifinta ya saurara.

Littafin ƙirgata na ciro shi daga ƙasan akwati. Shafin ƙarshe na 2011 yana nan da rubutun da na fara ban gama ba, lokaci da kwanan wata, wurin adadi babu komai. Na bar masa sauran shafin fari, na buɗe sabo. Duk hutun makaranta da ya dace da cikar wata, nakan tafi gida da 'yata, mu shimfiɗa ƙyalle inda jirgin Baba yake, ita ke riƙe agogo ni ina rubutu. A hutun da ya wuce ta tambaye ni me ya sa akwai shafin da ba a cika ba a tsakiyar littafin. Na ce ta zauna, na gaya mata tana da wa, na faɗa mata sunansa, na kuma gaya mata cewa yana son tafiyar jirgi. Tana cikin tambayata kamanninsa sai ƙwaro na farko ya faɗo kan ƙyallen, ta duba agogo ta ce, "Umma, bakwai da minti goma sha biyu," na rubuta.